Igiya Ɗaya

Ranar da rijiyar ta rufta, mahaƙa biyu ne a ciki, wa da ƙane, igiya kuwa ɗaya ce. Ƙanen aka jawo da rai. Wan sai washegari aka tono shi, bakinsa cike da laka.

Mutane dai ba sa rasa abin faɗa. Kafin a binne mamacin, labari ya gama unguwa wai shi ya ɗaura wa ƙanensa igiya a ƙugu, ya ce a fara da shi. Har wanda yake kasuwa a lokacin sai ya rantse maka a gabansa aka yi. Ƙanen kaɗai ya san gaskiya. A hannun yayansa igiyar ta sauka, shi ya fizge ta, ya taka kafaɗarsa ya hau.

Mako uku ƙanen ba ya iya cin abinci. Matar yayan ce ma take kawo masa, tana lallashi.

"Ci mana, ƙanena. Ai don ka rayu ya tafi."

Duk ranar da ta faɗi haka, ji yake gara ta zage shi.

Sai fasto ya same shi a gida. "Ɗana, Ubangiji ya yi maka jinƙai, bai kamata ka yi shiru ba. Ran Lahadi ka tashi ka ba da shaidar godiya."

Ran Lahadi majami'a ta cika, har da masu zuwa sau ɗaya a shekara. Mahaifiyarsa na bencin gaba da sandarta, matar yayan na gefenta da yara biyu. Aka tsayar da ganga, aka miƙa masa abin magana. Tsoro ya kama shi.

"Yaya bai ba ni igiya ba," ya ce. "Ƙwacewa na yi. Na taka shi na hau."

Matar yayan ta miƙe, ta ja hannun yaranta ta fita, ba wanda ya iya ce mata dawo.

Ya zube a kan siminti. "Ya Yesu, ban san dalilin da ya sa ka bar ni da rai ba. Ban cancanta ba. In akwai gafara ga irina, a wurinka kaɗai take, ni kuwa na ba da gaskiya gare ka. Na gode."

Jama'ar da ba ta gajiya da amin, yau ko tari babu.

Tsohuwar ta dafa sanda ta tako a hankali har ta tsaya a kansa. Ya sunkuyar da kai yana jiran tsinuwa, don ya san ita ta dace da shi. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, hawaye na bin fuskarta.

"Amin," ta ce, ita kaɗai. Ba ta taɓa shi ba. "Tashi ka kai ni gida. Kai kaɗai ka rage mini."