Abin da Ya'u Ya Kamo a Kogi

Ya'u masunci ne a wani ƙauye kusa da Baturiya. Wata safiya ya ja koma, ya ji nauyi, ya zaci giwan ruwa ne. Da ya fito da abin sai ya ga ƙarfe ne na tagulla, tsawonsa ya kai ƙugu, gindi ɗaya da rassa shida, duk ya yi gansakuka. Ya ɗora a kwalekwale ya kawo gida, ya jingina a jikin rumbu.

Ƙanwarsa Shamsiyya, mai karatun tarihi a jami'a, ta zo hutu. Da ta gani sai ta yi dariya, ta ce ya tuna mata da fitilar Yahudawa.

"Wace fitila?" in ji Ya'u.

"Ta ɗakin ibadarsu na Ƙudus, Yaya. Sau biyu aka ci garin da yaƙi aka rushe shi, har yau ba su daidaita kan inda kayan ciki suka shiga ba. Wasu malamansu sun ce sarkin Babila ya kwashe. Wasu sun ce wani sarkinsu ya hango yaƙin, ya ɓoye akwati mai tsarki a ƙarƙashin ƙasa. Wasu sun ce kogon dutse. Ita kuwa fitilar Rumawa suka tafi da ita, har akwai masu cewa ta faɗa kogi."

"Kogi," in ji Ya'u.

"Kogin Rum, Yaya."

"Ruwa ai tafiya yake yi."

"Tasu zinariya ce."

"Ke ki daɗe haka a ruwa mu ga kalarki."

"Kuma rassanta bakwai."

Ya'u ya sake ƙirgawa. "Ɗaya ya karye," ya ce.

Shamsiyya ta ce ita a ganinta bututun injin ban-ruwa ne, na masu noman rani. Ya'u ya ce ya ji. Ya ɗauko toka da lemon tsami ya zauna yana gogewa.

Kafin Juma'a labari ya kai Hadeja. Mutane suka riƙa zuwa kallo, har daga Kaugama. Wani ya ɗauki hoto, wani ya shafa ya shafe fuska, liman ya hana. Matar Ya'u, Jannatu, ta gaji da shimfiɗa wa baƙi tabarma. Ran nan ta rataye ludayi da matankaɗi a jikin rassan, Ya'u bai yi mata magana ba har la'asar.

Da damina ta yi nisa, aka ce ruwa na tafe, kowa ya koma tudu. Ya'u ya ji tsoron kada a sace abin a sansani. Ya naɗe shi da buhu, ya kai gonar gadonsu da ya daɗe bai taɓa ba, ya binne, ya kafa kara don alama.

Ruwa ya zo, ya tafi da karan.

Bayan ya janye, Ya'u ya koma da fartanya da shebur. Ya tona inda ya tabbata, babu. Ya tona gefe, babu. Kullum in ya dawo daga su sai ya wuce gonar. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rame. Shamsiyya ta bugo daga makaranta ta ba shi haƙuri, ta ce da ma ba ta faɗa masa ba.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Ba ke kika kafa karan ba."

Wata rana Jannatu ta kai masa fura, ta tsaya ta dubi gonar. Daga wannan kunya zuwa waccan babu inda bai juye ba, ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi.

"Malam," ta ce, "tunda ka riga ka yi kaftu, a zuba iri mana."

Ya'u ya shanye furar. Washegari ya tafi kasuwar Hadeja ya sayo irin kankana. Ta yi kyau a shekarar, sai da aka kira mota daga Malam Madori ta kwashe.