Kamu Biyu

Da hantsi mutanen layin masu kayan lantarki suka ga wani tsoho yana tafiya da baya da baya. Ya tallabi wani baƙin abu da hannu biyu kamar ɗan tsako, idonsa ƙur a kan wani shago. Ya wuce mai faci, ya tsallake kwata bai waiwaya ba, sai da bayansa ya daki turken fitila ya tsaya.

"Har yanzu motar tana tafiya?" ya tambaya da ƙarfi.

"Gudu ma take yi, Baba!" in ji mai shagon, wani ƙato mai sanƙo, yana leƙen allon kwamfutarsa. "Ban gaya maka ba? Nisa ba ya dame shi!"

Tsohon ya girgiza kai kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

Mai gyaran agogo ne, kafin ido ya sallame shi daga aiki. Shekara arba'in da ɗaya da aurensu shi da Malama, wadda ta koyar da lissafi har ta yi ritaya. A falonsu kujerarta tana bakin taga, tasa tana bakin ƙofa, tsakaninsu tebur da kunya. Da autarsu za ta tafi aiki nesa, sai ta bar musu kwamfutarta, da wasan tseren motoci a ciki, da abin latsawa guda biyu da ake kira hannun gem. Wayar kowanne kamu biyu ce, ya auna da kansa. Saboda gajartar wayar nan, dole suka jawo kujera mai cin mutum biyu gaban allo, kafaɗa na gugar kafaɗa. Kullum da la'asar takan cinye shi tsere biyar, bai taɓa jin haushi ba. A nan ya gano akwai wani ɗan tabo a bayan kunnenta, ya kwana uku yana mamakin inda tabon ya ɓuya duk shekarun nan.

Sai ranar Talata wayar ta harɗe ƙafar Malama, saura kaɗan ta kifa. Auta ta bugo waya ta yanke hukunci: a sayo marar waya.

"Madalla," in ji Malama. "Sai in koma kujerata, in sha iska."

Wannan maganar ce ta kawo shi layin nan.

Ya koma cikin shagon ya ajiye hannun gem ɗin a kan kanta. "Ɗana, ba ka da wanda ba ya nisa?"

"Wanda me?"

"Wanda in mutum ya matsa kaɗan sai ya ɗauke."

Mai shagon ya shafa sanƙonsa. "Baba, shekarata goma sha biyar a kasuwar nan, ban taɓa ganin wanda ya zo neman mafi lalacewa ba. Duba wannan. Caji ɗaya, kwana uku. In ka yi karo, har rawa yake yi a hannunka."

"Hannuna da rawarsa na zo, ba sai na saya ba."

"To ga mai fitila, launi bakwai."

"Shi kuma ina iyakarsa?"

"Mita goma."

"Subhanallahi! Har tsakar gida ke nan." Ya ɗaga shi sama, ya leƙa ƙarƙashinsa. "Wai shin umarnin nan da yake aikawa ta iska, in ya ci karo da ƙuda a hanya fa?"

"Wucewa yake yi."

"Labule?"

"Har bango, Baba."

"Abu ba shi da ladabi ko kaɗan."

Mai shagon ya jingina da kanta. Ruwa dai ba ya tsami banza. "Jikoki kake tsoro su gudu da shi?"

"A'a."

"To ai ba dole ba ne ka yi nisa. Ka zauna inda ka saba."

"Ni ba zan yi nisa ba," in ji tsohon. Ya buɗe baki zai ƙara, sai ya fasa, ya hau gyaran hularsa.

Daga ƙarshe ya ɗauki biyu marasa fitila, marasa rawa. Kwalayen kuwa ya bar wa mai shago, don ya ga an rubuta mita goma ɓaro-ɓaro a jikinsu, Malama kuma ba ta barin rubutu ya wuce ta.

Da la'asar ya tarar har ta mayar da matashinta kujerar taga.

"Malama, akwai 'yar matsala," ya ce, idonsa a kan tebur. "Mai shagon ya ce iskarsu gajera ce. Kamu biyu."

Ta sauke tabarau. "Marar waya, kamu biyu? Malam, an cuce ka da rana tsaka."

"Kayan zamani sai haƙuri."

"Ina kwalin?"

"Ya ce zai yi amfani da shi."

Ta yi tsaki, ta ɗauko matashin ta dawo kusa da shi. Suka fara. Jar motarta tana bin shuɗiyarsa a zagaye na biyu, sai butar shayi ta fara fito a kicin. Malama ba ta barin wasa a tsakiya, ba ta kuma barin buta ta ƙone. Ta miƙe da abin a hannu, tana tafiya tana waiwayen allo. Ta wuce tebur. Ta wuce labule.

Tsohon ya roƙi Allah a zuciyarsa ya aiko da ƙuda, ko da ɗaya ne.

Jar motar ta sha kwana lafiya lau. Ta zo ta gefensa, ta wuce shi, ta shiga layin ƙarshe, ita kuwa mai tuƙin tana can bakin ƙofar kicin, taku takwas daga allo, tana kashe wuta da hannu ɗaya. Tasa motar ta tsaya cak a tsakiyar titi, don yatsunsa sun manta aikinsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta shigo a hankali. Ta dubi abin da ke hannunta, ta dubi ƙofar kicin, leɓenta yana motsi irin na mai ƙirga taku. Ta daɗe tana kallon kujerar taga, iska tana kaɗa labulen. Sannan ta dube shi, ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Gaskiyar mai shagon," ta ce. "A can yana ɗan cijewa."

Ta gyara zane ta zauna inda ta tashi.

"Matsa mana, Malam, ka cinye wurin."

Ya matsa, amma kaɗan.