Hayaƙin Gidan Burodin Kawu

Dakta fa ba ya wasa da na'urarsa. Tana kan rufin ofishinsu na kula da muhalli, tana harba koren hasken leza sama, hasken ya bugi abin da ke yawo a iska ya dawo, kwamfuta ta faɗi ko ƙura ce ko hayaƙi. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya sha wannan karatun, ko da sauri yake.

Wata uku yana awo, kullum amsa ɗaya: baƙin hayaƙi a saman unguwar. Bututun hayaƙi kuwa ɗaya ne tak a kusa, na gidan burodin kawunsa, mutumin da ya riƙe shi tun yana aji uku. Dakta ya rubuta rahoto, ya sa hannu, har da jan layi.

"Haba Dakta, Kawu ne fa," in ji matarsa.

"Kimiyya ba ta da kawu."

Hukuma ta garƙame gidan burodin, ma'aikata goma sha ɗaya suka koma gida. Bayan sati biyu Dakta ya sake awo don ya ga nasararsa. Hayaƙi na nan daram, ko raguwa bai yi ba.

Yana cikin zare ido sai ga Kawu ya hawo benen yana haki, wai ya zo ganin abin da ya rufe masa sana'a. Bai ko kalli kwamfutar ba, hanci kawai ya buɗa.

"Shekara talatin ina shaƙar hayaƙin itace, ɗana. Wannan na dizal ne."

Ya leƙa bayan ginin. Ga janaretan ofis can ƙasa yana ta tuƙa hayaƙi, daidai saitin bakin na'urar.

"Yaushe kuke kunna wancan?"

"Duk lokacin da za mu yi awo, saboda wutar..." Dakta ya kalli janaretan. Kunya ta rufe shi.

"To kashe shi ka auna mana."

"In an kashe, na'urar ba ta aiki, Kawu."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya laluba aljihu, ya ciro makullin gidan burodin, wanda ba ya buɗe kwaɗon hukuma, ya ajiye shi kan kwamfutar.

"Riƙe min wannan. In kimiyyar ta tuna tana da kawu, ta san gidan."