Ƙanƙarar Kifin Bilyaminu

Lado ya kai hannu bayan babur ya taɓa buhun, ya ji ruwa na ɗiga. Ƙanƙarar da ya sha turmutsutsu ya sayo a Gummi tana narkewa, ga Bukkuyum da sauran tafiya, ga azumi, ga rana kamar a bakin murhu.

Ba don shan ruwa ya sayo ta ba. A ɗakin ƙanensa marigayi Bilyaminu akwai akwatin gilashi, a ciki wata halitta fara mai ƙafa huɗu da geza ja a wuya. Aksolotil, in ji Bilyaminu. 'Yan unguwa kuwa kifi mai ƙafa suke cewa. Daga jami'ar da ya yi aiki a Kudu ya zo da shi lokacin da ciwo ya dawo da shi gida, kuma shi kaɗai ne abu mai rai da ya bari. Abin ba ya jure zafi ko kaɗan. Tun da taransifoma ta ƙone firjin maƙwabta da ake samo masa ƙanƙara ya mutu, yau da safe Lado ya tarar da shi yana yawo a saman ruwa, gezar ta kanannaɗe, ko tanar da aka jefa masa bai kalla ba.

Sai kuma Inna, mahaifiyarsu. Ita fa ba ta taɓa leƙa akwatin nan ba. "Mugun abu," take cewa, ta tofar da yawu. Tsohuwa ce, jiya har jiri ya kwashe ta kafin magariba. In ta ga ƙanƙara ta wuce ta zuwa wurin kifi, da wane ido zai dube ta?

Ana gab da kiran salla ya iso. Ya kwance buhun a zaure, ya kakkaɓe dusar katako. Innalillahi! Abin da ya rage bai wuce dunƙulen hannu ba. Ba ta rabuwa biyu.

Ya cusa ta cikin riga, ya bi gefen katanga kamar ɓarawo, kunya na cinsa. Yana ɗaga labulen ɗakin ya tsaya cak.

Inna ce zaune a ƙasa. Ta jiƙa zanenta ta lulluɓe akwatin, tana yi masa fifita da maficin kaba. Ga kwanon da take ɗibar ruwan randarta a kife, ruwan ya ƙare wurin jiƙa zanen, leɓɓanta duk sun tsage.

"Mi kake ɓoyo cikin riga?" ta ce, ba ta ko juyo ba.

"Ƙanƙara ce, Inna. Taki ce, ki sha ruwa."

"Ƙarya da azumi, Lado?"

Ladan ya ɗaga murya. Lado ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta riƙe ta a tafin hannu, ruwan na bin tsintsiyar hannunta, maƙogwaronta ya motsa.

"Cikin leda Bilyaminu ya ce a riƙa sawa, ko? Ina jin shi daga tsakar gida."

Ashe duk tana ji. Ta sa ƙanƙarar a leda, ta ƙulle da kanta, ta saki cikin akwatin. Suka zuba ido. Can abin ya motsa geza, ya sauka ƙasa a hankali.

Inna ta jawo buta, wadda ta wuni a rana, ta yi bismilla ta kurɓa.

"Tahi masallaci," ta ce. "Ni ina nan wurin shi."