Motar Ranar Talata

Ayele ta ajiye takardar bayanin asusunta a gaban ma'aikaciyar bankin, ta dangwala yatsa a kan layuka takwas da ta zagaye da jan biro. Da shirin faɗa ta rufe shagon ɗinkinta na kasuwar Kaneshie da ke Accra, har ta tanadi kalmomin da za ta fara da su. Duk ranar Talata ana zare mata kuɗi, sidi tamanin da wani abu, sau biyu, da sunan wani kamfani da ko a mafarki ba ta taɓa ji ba.

Ma'aikaciyar ba ta ko ɗaga gira ba, da alama a yinin nan ta ga irin Ayele sun fi goma. Ta ce wannan kamfanin motocin haya ne da ake kira ta waya, sunan da ke kan waya daban, wanda ke fitowa a takardar banki daban. Ayele ta ce ita trotro, ƙaramar bas ta haya, take shiga, ko ana ruwa ko ana rana, kuma idan kwandasta ya riƙe mata canji sai ta bi shi har tasha.

"To, Anti, kin taɓa sa katinki a wayar wani?"

Sai Ayele ta tuna. A watan Janairu ta sa katin a wayar mahaifinta, Ataa Laryea, ranar da za a duba masa ido, kuma ba ta cire ba. Ma'aikaciyar ta nuna mata rasidan tafiyar a cikin imel ɗin da Ayele ba ta taɓa buɗewa ba, sannan ta tambaya ko a toshe katin. Ayele ba ta ji tambayar ba, taswirar da ke jikin rasidan take kallo. Daga gidansu na Chorkor motar ke tashi, ta tsaya a wani layi a Teshie, kuma duk ɗan Accra ya san abin da ake yi a layin nan: akwatunan gawa.

Ashe mahaifinta ciwo yake ɓoye mata? Haka mahaifiyarsu, Awo, ta yi musu, ta ɓoye ciwonta wata bakwai tana dariya tana tuƙa kenke, tuwonsu na masara, sai da ta faɗi suka sani. Ayele ta kasa yafe wa kanta wannan har yau. Ta duba kwanan wata, ashe yau ma Talata ce, ranar da masunta irin mahaifinta ba sa shiga teku.

Trotro biyu ta canza kafin ta kai Teshie. A ƙofar rumfar wani kafinta akwai akwati mai siffar barkono, da wani mai siffar injin ɗinki wanda ta kau da kai daga gare shi da sauri. Can ciki kuwa ga wani ƙaton kifin tuna na katako, an ɗaga bayansa kamar murfin tukunya, ga kuma ƙafafun ubanta sun leƙo daga ciki sanye da takalminsa na zuwa coci.

"Ajete, kafaɗata tana gogar gefen nan," in ji muryar da ke cikin kifin. "Ni ka auna ko ɗan akuya?"

Kafintan, Ajete, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, ya ga Ayele ya ja da baya. Ataa Laryea ya ɗago kai a hankali. Da ya ga 'yarsa sai ya koma ya kwanta, kamar hakan zai sa ta tafi.

"Ataa, fito." Ayele ta matso kusa. "Me likita ya ce maka?"

"Wane likita?"

"Kada ka yi mini irin ta Awo. Faɗa mini yanzu."

Jin sunan matarsa ya sa tsohon ya tashi zaune. Ya rantse da teku da duk abin da ke cikinta cewa lafiyarsa ƙalau, ban da gwiwa, ita ma gwiwar tun zamanin soja take ciwo. Jiya ma shi ya ja igiyar kwalekwale tare da matasa. Ya miƙo mata hannu ta taɓa, ya ce ta faɗa masa ko haka hannun mai mutuwa yake.

Abin da ya kawo shi, in ji shi, jana'izar abokinsa Ataa Sowa ce. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kokawa da teku, 'ya'yansa 'yan boko suka zo suka binne shi a cikin akwati mai siffar karfasa.

"Karfasa, Ayele. Kifin tabki. Duk Chorkor muna kuka muna danne dariya. Ku ma da ba ku san kifi ba sai a faranti, haka za ku yi mini."

Ayele ta zauna a kan benci, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya, sai ta yi duka biyun. Da ta samu numfashi ta tambaye shi zancen motar. Nan fuskarsa ta washe. Ya ce ai wannan abin da ta sa masa a waya abin albarka ne: ka danna, mota mai sanyi ta zo, ta kai ka, direba ya ce a sauka lafiya, ko sisi ba ya karɓa. Har ya gaya wa tsofaffin bakin teku, suna ta mamakin yadda wayoyinsu ba su da irinta.

Ta buɗe jaka, yatsunta suka taɓa takardar bankin. Ta dube shi zaune a cikin kifinsa yana murmushi da sauran haƙoransa, sai ta zuge jakar.

Da tsohon ya zagaya bayan rumfa, Ajete ya matso ya rage murya. Ya ce aikin kwana goma ne, amma an shiga sati na biyar. Satin farko ido bai yi ba, na biyu launin cikin, yau kuma kafaɗa. Shi dai ya daɗe a sana'ar nan, kuma ya lura wanda ya shirya tafiya ba ya ƙorafi, kallo ɗaya yake yi ya ce ya yi kyau.

Ataa Laryea ya dawo yana gyara zanen da ya yafa a kafaɗa, ya ce tunda ta zo, kuma ita ma mai awo ce, ta duba masa aikin da idon tela. Ayele ta zagaya kifin a hankali. Babu inda ya karkace, ko ɓawo ɗaya bai fita layi ba.

"Wutsiyar nan ta karkace," in ji ta. "Sai an sake ta gaba ɗaya."

Tsohon ya tafa hannu, ya ce dama ya gani, shiru kawai ya yi. Ajete ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Ataa, danna mana motar," in ji Ayele. "Talata mai zuwa ka biyo ta Kaneshie ka ɗauke ni."