Inci Bakwai a Ƙugun Akawu

"Kayanka fa?" in ji likita, bai ko ɗago daga takardar da yake rubutu ba. "Sun fara yi maka yawa?"

Akawu ya miƙe a hankali, ya zura babban yatsa a ƙugun wandonsa ya ja. "Duba da idonka, likita. Shekara shida ina sa wandon nan. Ko bel ba na ɗaurawa."

Likita ya duba. Wando ya zauna cif, kamar jiya aka ɗinka shi. Matar Akawu ta sunkuyar da kai tana ta faman gyaran zif ɗin jakarta, wanda babu abin da ya same shi. Tela kuwa, maƙwabcinsu da ya yi sammako ya kama musu layi, sai ya mai da idonsa kan kalandar bango ya duƙufa karanta watan da ya riga ya wuce.

"To, ka gani," in ji likita. "Bayan tiyata mutum yakan ɗan faɗa, musamman a fuska. Ka ci abinci, ka dawo bayan wata uku. Na gaba!"

A duk ɗakin, Tela ne kaɗai ya san lissafin daidai. Inci uku ya rage wa wandon nan da hannunsa, a zama uku.

Shekara ashirin da biyu shagonsa na jingine da bangon gidan Akawu. Ta bangon nan yake jin tarin Akawu na safe, da rediyonsa, da faɗan da yake yi da rediyon. Akawu tsohon ma'aikacin ofishin ruwa ne, mutum mai tumbi da tsari, wanda ko shara zai fitar sai ya yi zanzaro. Wandunansa huɗu, duk ɗinkin Tela, duk a kan inci arba'in. Shi ne ma ya ɗauki maganar Tela ya mai da ita karin magana a unguwa: wandon da ke neman bel, telansa ne ya gaza.

Sai aka yi masa aiki aka cire maɗaciya, wadda duwatsu suka taru a cikinta. Aiki ya yi kyau, kowa ya shaida. Har duwatsun aka ba shi a kwalba, ya ajiye su a kan rediyo yana nuna wa masu dubiya kamar lambar yabo. Sati shida bayan haka matarsa ta shigo shagon da rana tsaka, da baƙar leda a hammata, tana waiwaye.

"Tela, rage min inci ɗaya. Kar ka gaya masa."

"Yaya, ai mai wando shi ake aunawa."

"Na auna shi da ido, shekara talatin da huɗu ina aunawa. Ka tuna wansa? Haka ya fara zubewa. Ranar da ya ga wando na zame masa, ranar ya kwanta, bai sake tashi ba. In mutumin nan ya gani, tsoro ne zai kashe shi kafin ciwo ya iso. Na san mijina."

Tela ya karɓa. Abu ɗaya dai ya tsaya a kai, ba zai sa almakashi ba. Ƙa'idarsa ce tun yana koyo: ba a yanke abin da za a iya ninkewa, don jiki baƙo ne, yau ya tafi gobe ya dawo. Ya ninke yadin ta ciki, ya bi shi da ɗinki, ya danne da dutsen guga har sai da shi kansa ya kasa ganin wurin. Sannan ya buɗe littafin awonsa, shafin Akawu, ya rubuta kwanan wata da talatin da tara. Daga nan abin ya zama tsari. Duk ranar wanki wando ɗaya yakan yi ɓatan kai daga igiya ya biyo ta shago.

Da suka fito daga wajen likita, Akawu ya tsaya sayen jarida, Tela ya matso kusa da matar.

"Yaya, da mun faɗa."

"A gabansa?"

"To a bayan wa za mu faɗa? Likitan minti uku ya ba mu."

"Ba ka ji ya ce ba komai ba? Shi ya yi karatun, ba mu ba."

Gaskiya ne likita ya yi karatun. Sai dai amsar da aka ba shi Tela ne ya ɗinka ta.

Ba wai asibitin ba su da sikeli ba. Suna da shi, har an ɗora Akawu a kai ya nuna sittin da takwas. Matsalar ita ce sittin da takwas daga nawa. A fayil ɗinsa, gurbin nauyinsa kafin aiki fari ne fat, domin a satin nan sikelin ya lalace. Da aka tambaye shi ko ya san nauyinsa na da, cewa ya yi, "Ni buhun siminti ne da zan riƙa hawa sikeli?" Nas ta yi dariya ta rubuta sittin da takwas, aka fara tarihi daga nan.

Wata uku bai cika ba suka koma, don abinci ya daina zama. Aka ɗebi jini, aka ce da ɗan ƙaranci amma ba na tashin hankali ba. Aka gwada suga, lafiya lau. Aka gwada tarin fuka, babu. Aka shafa masa mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto, mai hoton ya ce wurin aikin ya warke sumul, har ya yaba hannun wanda ya yi. Kowace taga suka je, likita daban, tambaya iri ɗaya, kuma kowa daga sittin da takwas yake fara ƙirga.

"A takarda," in ji Akawu, "duk layin nan babu mai lafiyata. Ya kamata a fara turo min marasa lafiya ina ba su shawara."

Unguwa kuma ta buɗe nata asibitin. Mai kanti ya ce tsutsar ciki ce. Mai gyaran babur ya ce an manta almakashi a ciki, ya taɓa ji a rediyo. Wasu kuwa barka suke yi masa. "Akawu an koma saurayi! Ina tumbin?" Shi kuma ya shafa cikinsa ya ce ya ba da shi aro.

Leda dai ba ta fasa zuwa. Talatin da shida. Talatin da biyar. Da bayan wando ya cika da ninki, Tela ya koma gefe da gefe, ya ƙirƙiro tattara a gaba inda da babu. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma bai taɓa jin kunyar aiki kamarsa ba. Matar Tela ta lura ya daina kunna rediyon shago.

"Wai me kake saurare a bangon nan?"

"Tari."

"Ai ba ya tari."

"Shi ne nake saurare."

Ranar da Tela ya rubuta talatin da uku, bai shawarci kowa ba. Ya rufe shago, ya sa littafin awo a aljihu, ya tafi asibiti shi kaɗai da katin Akawu, wanda dama a hannunsa yake saboda kama layi. Awa huɗu ya yi a kan benci. Da aka kira lambar, wata likita ya tarar, yarinya sa'ar 'yarsa, idonta ya yi ja don gajiya.

"Baba, ina mara lafiyar?"

"Yana gida. Awonsa na kawo."

Ya ɗauka za ta kore shi. Sai ta ja littafin, ta bi shafin da bayan biro, layi bayan layi, tana haɗa kwanakin da na fayil. Ta kai ƙasa ta sake komawa sama.

"Inci bakwai a wata bakwai. Tun sati shida bayan aiki." Ta ɗago. "A nan an rubuta kayansa ba su yi masa yawa ba."

"Ba su yi ba, likita. Ni nake ragewa."

Ta daɗe tana kallonsa. Bai ga fushi a fuskarta ba, kuma da fushin ya gani da ya fi masa sauƙi.

"Da kun kawo wannan tun farko..."

"Da an gano?"

"Ban ce da an gano ba, Baba. Ban san me ke damunsa ba, har yanzu. Amma da ba a ce ya dawo bayan wata uku ba."

Ta rubuta a zura masa na'ura ta baki a duba cikin. Na'urar ɗaya ce, masu jira da yawa. Ta fita da kanta ta yi magiya, ta dawo da sati biyar maimakon tara, tana ba shi haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Washegari da la'asar Akawu ya fito yana dafa bango, ya zauna a bencin shago inda ya saba zama. Zanzaronsa na nan. Wuyan rigarsa ne ya zama kamar bakin rijiya. Tela ya tsai da keken ɗinki, ya gyara murya sau biyu.

"Akawu, akwai maganar da..."

"Ta wando?"

Tela ya saki baki.

"Kai, Mai allura, ka raina ni. Mutum ya kai hannu aljihun baya ya tarar aljihu ya yi hijira? Da can tsakanin aljihunan biyu tafin hannu biyu ne. Yanzu saura ƙiris su gaisa." Ya yi dariya, dariyar ta ƙare masa numfashi, ya jira ya dawo. "Tun inci na farko na sani. Zarenka ma ya fi na da duhu."

"To don Allah me ya sa ka ce wa likita..."

"A gabanta? Mace tana saɗaɗawa da wandunana kamar ɓarauniya don kar in ji tsoro, sai in tona mata asiri a gaban yaron da bai kai ɗanta ba?" Ya kalli titi, inda mai ruwa ke tura kurarsa. "Kuma ban ɓoye maka ba, ni ma na so in ji ya ce ba komai. Da ya faɗa, har abinci na ci ran nan."

Tela ya ɗauki alli ya ajiye. Ya ɗauki tef ya naɗe a yatsa.

"Na kai musu littafin," ya ce. "Sun ba da sati biyar."

"Madalla. Ashe dai an samu mai karatu a cikinmu." Akawu ya yunƙura zai tashi, Tela ya tallafe shi, ya ji hannun kamar sandar tsintsiya a cikin riga. "Abu ɗaya. Kar ka gaya mata na sani. Ka bar ta da aikinta."

Haka Tela ya wayi gari da sirri biyu, ɗaya na matar a kan miji, ɗaya na mijin a kan mata, bango ɗaya tsakaninsa da su duka.

Saura kwana huɗu ranar na'ura, da hantsi, yana cikin dasa maɓalli ya ji rediyon gidan ya yi shiru a tsakiyar labarai. Akawu bai taɓa kashe rediyo a tsakiyar labarai ba, sai ya gama yi musu gyara. Tela ya soke allurar a rigarsa ya tashi. Kafin ya kai ƙofa ya ji salatin matar Akawu.

Ana gobe ranar na'urar, saƙo ya shigo wayar Tela daga asibiti, don lambarsa ce a katin. Ana tunatar da mara lafiya ya zo ƙarfe takwas, kada ya ci komai.

Bayan an watse zaman makoki da kwanaki, matar Akawu ta shigo shagon da leda. Wannan karon ba ta waiwaya ba.

"Ƙaninsa za a ba. Jikinsu ɗaya, irin na da. Za su buɗu?"

"Za su buɗu, Yaya. Ban yanke komai ba."

Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba shi baya.

"Tela. Bai gane ba ko? Har ya tafi?"

Tela ya dubi ledar.

"Bai gane ba, Yaya."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ko wannan na yi masa."

Da ta tafi ya juya wando na farko ciki waje, ya ɗauko reza. Layukan ɗinki ne a jere, ɗaya cikin ɗaya, kowane da ɗan bambancin zarensa. Ya fara daga na ƙarshe yana komawa baya, talatin da uku, talatin da huɗu, yana tsince guntayen zare yana tarawa a murfin gwangwani. Yadin da ya fito daga ninki ya fi sauran duhu, rana da sabulu ba su taɓa shi ba. Ya shimfiɗa tef, arba'in cif. Ya yayyafa ruwa ya bi da dutsen guga sau uku, karin ya kwanta, amma hudojin allura suna nan a jere.

Ya rataye shi a ƙusa kusa da bango, ya ɗauko na biyu. Fanka ta juyo, iska ta shiga wandon ta cika shi, sannan ta wuce.