Layin da Aka Sa U Nyan Zaw

U Po Htin ya tsufa a hidimar gidan ibadar ƙauyensu da ke gaɓar kogin Ayeyarwady. Shi ke shara, shi ke gyara fitilu. Amma da mai jan addu'ar metta ta ranar cikar wata ya rasu, sai Sayadaw, babban sufin gidan, ya damƙa aikin ga maƙwabcin U Po Htin, wato U Nyan Zaw, mutumin da har bara ake kinkimo shi daga rumfar bammi. Wai muryarsa na kwantar da zuciya.

Metta tana da tsari. Ka fara yi wa kanka fatan alheri, sai malaminka, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, maƙiyi a ƙarshe. Kullum U Po Htin ya zauna, yakan wuce kansa, ya wuce Sayadaw, ya iso layin abokai ya ɗauko U Nyan Zaw. Nan harshensa ke ƙagewa. Natsuwar da ya tara tun ƙuruciya tana tsiyayewa yana kallo.

A shagon shayi U Nyan Zaw ya dafa kafaɗarsa.

"Po Htin, jiya na hango ka ido rufe, fuska kamar ka tauna ɗanyar tsamiya. Wane bawan kake yi wa fatan alheri haka? Ka sassauta masa mana!"

Aka kwashe da dariya. U Po Htin ya ce, "Sabon mai tsarki, warin bammi bai gama barin zanenka ba." Aka sake dariya, ban da shi U Po Htin.

Ya kai kukansa wajen Sayadaw, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na maƙale a kan mutum ɗaya."

"A wane layi ka sa shi?"

"Abokai mana. Tare muka yi kiwon bauna."

"Mayar da shi ƙarshe."

"Ai ni ba ni da maƙiyi. Kowa ya shaida."

"Kowa ya shaida," in ji Sayadaw, yana korar ƙuda da mafici. "Ƙaya na ƙafarka ta hagu, kai kana tonon ta dama don ita ce mai tsabta."

Ranar cikar wata zauren ya cika. Muryar U Nyan Zaw ta tashi, mai daɗin da ke ƙona ciki. U Po Htin ya runtse ido. A layin abokai ya sa wani abokinsa mai fito da kwalekwale, ya wuce lami lafiya. Da ya iso ƙarshe ya daɗe yana jin kunyar kansa, sannan ya zaunar da maƙwabcinsa a wurin.

"Ya zauna lafiya," ya faɗa a zuci. Ta fita, da ƙyar. "Ya rabu da ƙunci." Ita ma ta fita.

Ya gwada ƙarawa da "muryarsa ta ɗore". Wannan ta ƙi. Ya bar ta sai wata mai zuwa.